Kwalbar Madarar da Na Ɓoye Ranar Suna

Ni mace ce mai baki, wannan ba sai an gaya wa kowa a unguwarmu Laranto ba. Na shekara ashirin da ɗoriya ina koyarwa a firamare, kuma ni ce babba a ɗakinmu, don haka na saba in yi magana a yi tsit. Haƙar kuza ce ta kawo kakanmu Jos. Ya rasu ya bar mana gida mai ɗaki shida da taurin kai, ni kuwa a rabon taurin kan ban bar wa kowa kaso mai tsoka ba.

A farkon shekarun dubu biyu wata ƙungiya ta zo neman matan da za su riƙa faɗakarwa a kan ƙanjamau. Hedimasta ya ba da sunana ko tambayata bai yi ba, wai ya san zan iya. Kwana uku muka yi ana ba mu bita a wani otal a Rayfield. Kowa na shigowa da mota, ni ɗan acaɓa ke sauke ni a bakin get, in kakkaɓe mayafina in shiga kamar da ni aka gina wurin.

Abin da aka fi koya mana shi ne kalmomi. Likitar da ke jagorantar mu Hausarta ta kasuwa ce, sai ta faɗi abu da Turanci ta ce mu ne za mu samo yadda za a faɗe shi a gaban iyayenmu ba tare da an kore mu da muciya ba. Nan na gane cewa HIV ƙwayar cuta ce kawai, tana iya zama a jinin mutum shekaru yana ƙiba yana harkarsa. Ƙanjamau kuwa shi ne lokacin da ta riga ta karya garkuwar jiki, wato ƙarfin nan da Allah ya sa a jini yana korar cututtuka. An hana mu cewa "mai ƙanjamau", sai dai "mai ɗauke da ƙwayar cutar". Mun ɓata rabin yini a kan kwaroron roba, wata hajiya ta rantse bakinta ba zai furta ba ko za a yanka ta. Mun yi darasi a kan ciwon sanyi da ire-irensa, da gwajin jini, da tsangwama, da riƙe sirri. Sannan aka zo kan uwa da jariri. Hanya uku ce, in ji likita: a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. A wancan lokacin shawarar ita ce uwa mai ɗauke da ƙwayar ta zaɓi ɗaya ta tsaya a kai, ko nono zalla ko madarar gwangwani zalla. Haɗa biyun shi ne mafi haɗari, domin yana wahalar da hanjin jariri ya buɗe wa ƙwayar hanya. Na rubuta wannan da jan biro, har na ja layi a ƙarƙashinsa.

Na dawo gida da farar riga, da jaka, da girman kai. Duk gidan suna, duk taron Islamiyya, sai na miƙe na zuba. Mata su rufe fuska da mayafi suna dariya, ni kuwa ko a jikina. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin. Na ji daɗin yadda ake cewa Malama ba ta jin kunyar komai.

Ƙanena, autanmu, tela ne, shagonsa na bakin tasha. Ni na goye shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni na nemo masa mata, kuma a gidan gadonmu suke zaune, ɗakinsu na kallon nawa. Matar tasa yarinya ce mai sanyin hali, cikakkiya, kumatu kamar an hura. Yaya take kirana, ni kuma ina ce mata Amarya har bayan auren ya tsufa. Mahaifiyarta ta rasu, danginta na nesa, don haka da cikinta na fari ya tsufa ba a kai ta wankan gida ba. Na ce ai ga ni, jegonta a wuyana yake.

Ta haihu a asibiti, mace. Kwana ukun farko na ga ana ba jaririya madara a kwalba, ban ce komai ba. A wajenmu tsofaffi ba sa son a ba jariri nonon farko, wai sai ya wanke. Na san a asibiti ba haka suke cewa ba, amma na ɗauka wata tsohuwar ce ta hure mata kunne, na bari. Na dama kunun kanwa mai kauri, na sa aka gasa mata nama da yaji, don ruwan nono ya kawo sosai.

Rana ta huɗu na miƙa mata jaririya na ce ta ba ta. Ta sunkuyar da kai ta juya fuska bango. Dariya na yi. Wannan ai sananne ne, kunyar ɗan fari ce. Yarinyar kirki ba ta rawar jiki a kan ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, har nonon ma sai an matsa mata. Kakarmu ta sha ba mu labarin yadda sai da aka danne ta aka sa mata babanmu a ƙirji. Har alfahari na yi, na fita tsakar gida ina cewa, "Ku zo ku ga 'yar mutunci, irin ta da."

Rana ta biyar da ta shida abin ya fara ba ni haushi. Kunya tana da iyaka. Da safe ni ke yi mata wankan jego, in tafasa ruwa da ganye, in riƙa tsoma ganyen ina fyaɗa mata, a cikin sanyin nan na Jos da ke shiga ƙashi. A nan na ga ta ɗaure ƙirjinta tamau da ɗankwali, nonon ya cika ya yi tauri har yana tsattsafowa. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata wannan ba kunya ba ce, gayu ne. 'Yan matan yanzu, kada nono ya zube.

Da yamma ƙanena ya same ni a madafa. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya yana murza tef ɗin awo a hannu.

"Yaya, don Allah ki bar ta da madarar. Likita ne ya ce."

"Likita ne ya shayar da kai?" na ce masa. "Me ka sani a kan jego? Koma wajen kekenka."

Namiji ba ya tsoma baki a harkar mai jego, balle ɗan fari, balle a gaban wadda ta goye shi. Ya juya ya tafi. Na sha tuna tsayuwar nan tasa. Da na ce masa "wane likita, me ya gani?" da wataƙila ya faɗa. Ban tambaya ba, domin ban saba tambaya ba.

Ranar suna gida ya cika maƙil. Dangi daga Bukuru, maƙwabta, malaman makarantarmu, har da Madam mai shagon kusa da mu, 'yar ƙabilar Ibo, wadda ta zo da zannuwa da sabulu. Jaririya ta fara kuka, Amarya ta miƙa hannu bayan filo tana lalube. Babu kwalba. Tun da asuba na ɗauke ta na jefa a cikin jakata, jakar nan da aka ba mu a bita, na rataye a ɗakina.

"Me kike nema?" na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Allah ya ba ki naki kyauta har biyu, kina neman na kanti?"

Ɗaki ya ɗauki shewa. Wata gwaggonmu ta ce, "Kunya ce, ku taimaka mata." Madam ta ce, "Amarya, ba shi nono mana, pikin yana kuka." Na zauna a gefen gado, na kwance ɗankwalin da hannuna, na sa mata jaririya a ƙirji. Ta ɗago ta dube ni. Hawaye na zuba. Ta ce, "Yaya," sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Jaririya ta kama, aka rangaɗa guɗa, ni kuma na miƙe ina gyara ɗauri kamar wadda ta ci zaɓe.

Daga ranar na sa ido. In ina gida, nono. Ban san cewa da zarar na tafi makaranta ƙanena yana fito da wata kwalbar da ya sayo ba. Da safe nono, da rana madara, da yamma nono. Ni kuma a cikin kwanakin nan har taro biyu na je, na tsaya a gaban mata ina lissafa hanya uku da yatsuna.

Wata safiya muna wanka, mu biyu a bayan gida, tururi ya rufe mu. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno ta ba ni baya. Sai na ji ta ce, a hankali, "Yaya, in tambaye ki wani abu a cikin karatunku?"

Na ji daɗi. Ba ta taɓa tambayata ba. Na ce ta tambaya.

"Macen da ke ɗauke da ƙwayar, in ta haɗa wa jariri nono da madara, me kika ce yana faruwa?"

Na zuba mata amsa tiryan-tiryan, yadda na haddace. Hanji, hanya, haɗari mafi girma. Har na ƙara da cewa shi ya sa jahilci ke kashe mu.

Sannan ta ce, "To yau kwana goma sha ɗaya ke nan ina haɗawa."

Ganyen ya faɗi daga hannuna cikin baho. Ita ce ta ci gaba da magana, ba ta juyo ba. A wajen awon ciki aka gwada ta. Ta gaya wa mijinta, ya je shi ma aka gwada, duk ɗaya. An ba ta ƙwayar magani ta sha da naƙuda ta fara, an ɗiga wa jaririya nata bayan haihuwa. Sun zaɓi madara, sun yi ta addu'a. Komai sun yi daidai, kamar yadda aka ce su yi. Saura abu ɗaya da ba su shirya masa ba, wato ni.

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?" na ce. Har a lokacin muryata da sauran faɗa a ciki, Allah ya yafe mini. "Ni fa? Duk garin nan wa ya fi ni sanin abin nan?"

"Yaya, bakinki," ta ce.

Ta tuna mini wata rana, watanni kafin nan, da na dawo daga taro a unguwar Congo-Russia. Wata mata ta ja ni gefe bayan taron ta gaya mini halin da take ciki. Na dawo gida ina tsinke alayyafo ina ba da labari a tsakar gida. Ban faɗi suna ba, wannan na kiyaye, an koya mana. Amma na faɗi layinsu, na faɗi sana'ar mijinta, na faɗi cewa tana da wushirya. Kafin in gama tsinke alayyafon mata biyu sun gane ta. Amarya tana zaune a wurin da cikinta wata biyar, sati ɗaya da karɓar nata sakamakon.

Ruwan ya huce, na ɗauko zani na rufa mata.

A ranar muka koma asibiti. Nas ɗin ta yi faɗa sosai, Amarya ta sunkuyar da kai ta shanye, ba ta nuna ni ba. Ina tsaye a gefe da jakata, ban ce ni ce ba. Aka ce a tsayar da nono gaba ɗaya, a koma madara. Na tambaya yaushe za a san ko yarinyar ta ɗauka. Nas ta ce gwajin da suke da shi ba ya bambance na uwa da na jariri sai yaro ya kai shekara ɗaya da rabi. Wannan ma na sani. Yana cikin littafina.

Wata goma sha takwas ba wasa ba ne. Na zama mai wanke kwalba. Kafin in tafi makaranta na tafasa ruwa na zuba a fulas, na dafa kwalabe, na jera. Duk wadda ta shigo ta ce, "Har yanzu madara?" ni ke tare ta, in ce nonon ne ya ƙafe, in yi mata kallon da ba za ta sake tambaya ba. Bakin nawa dai ya yi amfani a nan. Tari ɗaya in yarinyar ta yi, sai in miƙe in je in duba ta. Gudawar fitar haƙori ta zo, na kwana uku abinci ba ya wuce mini. In ta yi ƙiba in ce Alhamdulillahi, sai in tuna ni ce mai gaya wa mata cewa ba a ganewa da ido.

Ban daina zuwa taro ba, ko da yake na so. In na zo kan hanya ta uku sai in sha ruwa in wuce. Wata ta taɓa ce mini, "Malama, kwanan nan kin yi sanyi." Na ce tsufa ne.

Ƙanena bai taɓa tayar da maganar ba. Yana gaishe ni kamar kullum, ya durƙusa, ya ɗinka mini kayan Sallah. Amma ya daina zama a ɗakina bayan la'asar muna hira, yadda muka saba tun yana yaro. Amarya kuwa ba ta canja mini ko kaɗan ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Da ta zage ni, da ta daina gaishe ni, da na san abin da zan yi. Sai ta kawo mini gwate, faten nan namu na Jos, da zafinsa ta ce, "Yaya, ga naki." Yarinyar ta fara tafiya, ta fara magana, kuma duk gidan ba wanda take liƙe wa kamar ni. Kalmar Gwaggo ba ta fita a bakinta, sai "Gogo". In na dawo daga makaranta ita ce ke fara tarata a zaure.

Sau da yawa na shirya zan nemi gafara. Na tsara kalmomin a kan hanya, in shigo gida in ga fuskar Amarya, sai in tambaye ta ko akwai sauran kananzir. Na gaya wa kaina in bari sakamako ya fito. In ya fito lafiya, zan durƙusa in roƙe ta, mu yi kuka mu yi dariya. Gaskiyar ita ce ina jira ne in ga girman laifin kafin in amsa shi.

Ranar gwaji ana yayyafi. Ƙanena ya ce ba zai iya ba, ya tafi shago. Mu biyu muka tafi, Amarya da goyo, ni da lema. Aka soki yatsan yarinyar, ta callara ƙara, ta miƙo mini hannu, ni ta zaɓa. Muka zauna a benci muna jira.

Nas ta kira mu ciki ta rufe ƙofa. Ta dubi Amarya ta ce da Hausarta ta koyo, "Madam, ka yi haƙuri. Yarinya yana da shi." Ta ci gaba da bayani, cewa akwai magani yanzu, yara na girma da shi, za a sa ta a layi. Na tsinci kaina ina tambaya, "Sista, ta wace hanya ta ɗauka? A ciki ne, ko wajen haihuwa, ko..." Ta ce ba wanda zai iya sani, ba gwajin da ke nuna wannan.

Muka fito. Ruwan ya ɗan ƙaru, muka raɓe a ƙarƙashin rumfar wata mai gasa masara a bakin titi. Yarinyar ta yi barci a bayan uwarta, da ɗan audugar a yatsa. Amarya na kallon motoci. Sannan ta juyo, idonta a bushe.

"Yaya, ke kika yi karatun, ki gaya mini gaskiya. Ranar sunan nan, da na daure na ce miki a'a a gaban mutane, da ta tsira? Kullum ina tunani. Kunyar mutane na ji, na ba 'yata. Ni na cuce ta, ko?"

Wata goma sha takwas ina zaton ni take tuhuma a ranta, ashe kanta take ci. Ba wani lokaci da ya fi wannan dacewa in ce mata ni na ɗauke kwalbar, ni na kwance ɗankwalin, ni na rufe wa mijinta baki, ita ba ta da laifin komai. Maganar tana nan a kan harshena. Na buɗe baki, sai na ji muryar taro ta fito. Na ce, "Ai kin ji abin da nas ta ce. Hanya uku ce, ba a iya tantancewa."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Haka ne, Yaya." Ta gyara goyonta, ta ja mayafi ta rufe kan yarinyar, ta shiga cikin ruwan ta tsayar mana da mota.